Ciwon Makogwaron Da Ya Zame Mini Gudan Jini A Wuya

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma tun tasowata ba a san ni da ciwo ba, ban da zazzaɓin damina da kowa ke yi. Umma takan ce a duk 'ya'yanta ni kaɗai ce ban taɓa kwana a asibiti ba. Ko shekarar da ƙyanda ta zagaye unguwarmu ta kwantar da ƙannena, ni tsallake ni ta yi. Na yi karatu na samu takardar koyarwa, na fara aiki a wata firamare, aka yi mini aure ina da shekara 22. Shekara na zagayowa Allah ya ba ni 'ya mace. Ina cikin shayarwa, yarinyar ta fara rarrafe ke nan, wannan jarrabawa ta same ni.

Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe gari, kowa na fama da tari da mura. Makogwarona ya fara ƙaiƙayi, washegari haɗiyar yawu ta zama aiki. Duk malamar da ke wuni tana ɗaga murya a aji ta saba da wannan. Na sha ruwan ɗumi da zuma da citta da lemun tsami, maigida ya biya kyamis ya karɓo mini ƙwayoyi. Bayan 'yan kwanaki na ji sauƙi, har na koma bakin aiki.

Sauƙin bai daɗe ba. Wani dare bayan isha ina ba yarinya nono, sai sanyi ya taso mini daga cikin ƙashi. Na san rawar ɗarin zazzaɓin sauro, wannan daban take. Haƙorana na haɗuwa har ana ji daga falo, gado na motsi, duk bargunan da maigida ya jibga mini ba su yi komai ba. Can sai zafi ya biyo baya, gumi ya jiƙa zanin gado sharkaf. Da gari ya waye na ji gefen wuyana na dama ya sage. In na bi da yatsa daga ƙarƙashin muƙamuƙi zuwa gindin wuya, sai in ji wani abu mai tauri a miƙe a ƙarƙashin fata, taɓa shi kaɗai sai na yi ƙara. Juya kai ya gagara. Bakin ma ba ya buɗuwa sosai, da ƙyar cokali ke shiga.

An kai ni wani ƙaramin asibiti kusa da mu, aka ɗebi jini, aka ce maleriya ce da taifot. Aka yi allurai, aka ƙara mini ruwa. Na nuna wuyana, aka ce kaluluwa ce, za ta sace in zazzaɓin ya sauka. Ba na riƙe da su a zuciya, don a wajenmu da yawa daga masu zazzaɓi sauro ne ya cije su. Abin da nake ji har yau shi ne, babu wanda ya tambaye ni yadda ciwon ya faro. Gwajin taifot ɗin nan na jini da ake yi nan take, daga baya likitoci suka gaya mana cewa yana yawan nuna akwai cutar ga mutumin da ba shi da ita, musamman a ƙasashe irin namu.

A gida kowa ya kawo nasa. Surukata, wadda ke sona tsakani da Allah, ta ce belu ne ya sauko, a kira wanzami. Gwaggona ta ce a nemi tofi, don wannan rawar jiki ba ta banza ba ce. An kira wanzamin, wani dattijo da ya yi wa maigidana kaciya tun yana yaro. Ya tsuguna a gabana, ya ce, "'Yata, buɗe bakin in gani." Na yi iya ƙoƙarina. Ya haska da tocila, ya taɓa wuyan a hankali, sannan ya mayar da kayansa cikin zabira. Ya ce wa surukata, "Hajiya, wannan ba aikina ba ne. Ku kai ta babban asibiti, kada ku kwana." Har kuɗin mota da aka ba shi ya ƙi karɓa. Daga baya da aka auna jinina aka ga ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun ragu ƙwarai, likita ya ce da an sa aska a makogwaron nan, tsayar da jinin zai yi wuya. Dattijon ya rasu yanzu. Ba na sallah in manta da shi.

Kafin a gama shawara ƙirji ya ɗauka. Duk numfashin da na ja sai in ji suka a gefen dama, har na koma jan numfashi kaɗan-kaɗan don gudun zafin. Tari ya zo da majina mai ɗigon jini, idanuna suka yi ɗorawa-ɗorawa, nono ya fara ƙafewa. Yarinya ta kama ta tsotsa ta saki ta fashe da kuka, ni kuma ba ni da ƙarfin ɗaga ta. Baba ne ya zo ya gan ni, bai ko zauna ba, ya dubi maigida ya ce, "Ɗauko mota."

A asibitin koyarwa aka sa mini iskar oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji. Hoton ya nuna tabo-tabo a huhuna duka biyu, da ruwa da ya taru a gefen dama. Maganar farko da aka yi ita ce tarin fuka. Aka ware ni gefe, aka ce kada a kawo mini yarinya. Na ga yadda fuskokin 'yan dubiya suka sauya, wasu daga bakin ƙofa suke gaishe ni su juya. Aka kai majinata gwaji, sakamako ya fito babu tarin fuka. Maimakon hankali ya kwanta sai ya ƙara tashi, don yanzu ba a ma san da me ake yaƙi ba, ga zazzaɓin na dawowa da rawar ɗarinsa safe da dare.

Wata matashiyar likita ce ke kan aiki a wani dare. Ta jawo kujera ta zauna kusa da gadona, abin da ba wanda ya yi kafin ita. Ta ce, "Malama, mu ajiye maganar ƙirji tukuna. Kafin wannan zazzaɓin, mene ne ya fara damunki?" Numfashina bai isa magana ba, sai Umma ta amsa, "Likita, ai ciwon makogwaro ta yi, amma wannan ya warke tuni." Likitar ta ce, "Mama, da ya warke, kwana nawa aka yi kafin rawar sanyin?" Umma ta lissafa mata. Sai ta sa yatsu a wuyana, ta bi wannan abu mai tauri daga sama har ƙasa, ta kuma taɓa ɗaya gefen ta kwatanta. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki fayil ɗina ta yi rubutu mai tsawo. Da sassafe aka tura ni ɗakin sikanin a keken marasa lafiya.

Wannan ɗaki ba zan manta da shi ba. Aka shafa mini wani ruwa mai yauƙi da sanyi a wuya, mai hoton ya ɗora na'urarsa a gefen hagu. A allon na ga wani baƙin da'ira. Ya danna, da'irar ta lotse ta rufe, ya saki ta buɗe. Ya ce wa ɗaliban da ke bayansa haka lafiyayyar jijiya take yi. Ya koma gefen dama ya danna. Da'irar ta ƙi lotsewa, kuma cikinta ba baƙi ba ne, cike take da wani abu toka-toka. Ya sake dannawa, na yi ƙara. Ɗakin ya yi tsit, sannan ya ce a kira babban likita.

Babban likitan ya tara Baba da maigida da Umma a gefen gadona, ya yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan, Allah ya saka masa. Ya ce a kowane gefe na wuyan mutum akwai babbar jijiya da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya, kuma tana wucewa dab da makogwaro. Wata ƙwayar cuta da ba ta son iska, wadda ake kira Fusobacterium necrophorum, takan kama makogwaro, ta huda naman da ke bayansa, ta isa bangon wannan jijiya. Bangon ya kumbura, jinin da ke ciki ya daskare ya zama guda, gudan kuma cike da ƙwayoyin cutar. Daga nan sai ya riƙa ɓantarewa kaɗan-kaɗan, jini na kwasar ɓurɓushin kamar yadda ruwan sama ke kwashe sharar kwata ya kai ta ƙofar gidan wani. Zangon farko shi ne huhu, kuma duk inda ɓurɓushin ya maƙale sai ya zama ƙurji. Tabon da aka gani a hotona ke nan. Ga wasu yakan kai gaɓoɓi ko hanta ko ƙashi. Rawar ɗarin da ke girgiza ni kuwa, ƙwayoyin ne ke kwarara cikin jini.

Ya ce sunan ciwon cutar Lemierre, sunan wani likita Bafaranshe, André Lemierre, wanda a 1936 ya rubuta labarin mutum 20 da suka kamu da ita, 18 daga cikinsu suka mutu. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da aka samu fenisilin a shekarun 1940 ciwon ya yi ƙaranci, har likitoci suka riƙa ce masa cutar da aka manta. A Denmak, inda aka bi diddigin lamarin, ba a samu mutum 4 cikin miliyan a shekara ba. Abin da ya fi ba Baba mamaki shi ne da likitan ya ce ta fi kama matasa masu ƙoshin lafiya, daga 'yan shekara goma sha zuwa masu ashirin da wani abu. Baba ya ce, "Likita, to yanzu akwai magani?" Ya ce, "Akwai, Alhaji, kuma yawancin waɗanda aka gano da wuri suna tashi. Amma sai an yi haƙuri, tafiyar da nisa."

An ɗebi jinina don a rene ƙwayar a ɗakin gwaji, ba ta fito ba. Suka ce hakan na faruwa in mutum ya riga ya sha magunguna, kuma ita wannan ƙwaya tana da wuyar reno, tunda iska na kashe ta. Da hoton wuya da na ƙirji da kuma yadda ciwon ya biyo juna suka yanke hukunci.

Aka fara ba ni magunguna biyu ta jijiya, ɗaya shi ne Flagyl ɗin nan da muka sani, amma na ruwa. Bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe, ko kunu na kurɓa sai in ji tashin zuciya. Hannuwana suka kumbura saboda sauya wurin allura. Ruwan da ke gefen ƙirjina ya zama mugunya, sai da aka yanka tsakanin haƙarƙarina aka zura roba. Ɗaya bakin robar yana cikin wata kwalba mai ruwa a ƙarƙashin gado. In na ja numfashi ruwan ya hau, in na sauke ya sauka, mugunya na gangarowa a hankali. Sista ta ja wa Umma kunne, "Mama, ko bayi za ta je, kada kwalbar nan ta wuce tsayin ƙugunta." Haka Umma, da ciwon gwiwarta, take duƙawa ta riƙe kwalbar tana bina a baya, taku ɗaya-ɗaya. Ina kallonta hawaye na zubo mini. Matar da ya kamata a ce ni ke yi mata hidima.

Akwai kuma allurar tsinka jini da ake yi mini a fatar ciki. Likitocin ba su ɓoye mana ba cewa a kan wannan allura masana ba su haɗu a magana ɗaya ba, wasu na bayarwa wasu na ganin maganin ƙwayoyin cuta ya isa. Sai da jinina ya farfaɗo suka fara, don sun ga gudan nawa yana da tsawo, suna tsoron ya haura zuwa jijiyoyin cikin kai.

Lokacin da ya fi kowanne wuya shi ne bayan an fara maganin. Kowa ya ɗauka tunda an gano ciwon, zazzaɓin zai sauka washegari. Bai sauka ba. Aka shiga mako na biyu ina rawar ɗari. Kuɗi suka ƙare. An sayar da sarƙa da 'yan kunnen lefena, an ɗauki adashen Umma tun kafin lokacinta, maigida ya sayar da babur ɗinsa. Wasu dangi suka fara cewa ciwon ba na asibiti ba ne, a mayar da ni gida a nemi na gargajiya. Maganar ta iso kunnena, kuma wallahi ni ma zuciyata ta karkata, don na gaji, ina son in ga 'yata ko sau ɗaya. A daren ne matar da ke gadon kusa da ni ta cika. Na kira maigida na fara ba shi wasiyya, na ce in na tafi ya bar yarinyar a hannun Umma. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ki daina wannan magana. Likita ya ce zazzaɓin wannan ciwo yana jan lokaci ko da maganin na aiki. Ba inda za mu je. In Allah ya ƙaddara, a nan zai same mu muna neman magani." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Daga nan na sallama. Na daina ƙirga kwanaki, na koma istigfari da hailala a zuci, tunda numfashin bai isa karatu ba. Umma na tofa mini addu'a, sista na rataya ruwan magani, kowa da nasa aikin. Sannu a hankali tazarar zazzaɓin ta fara nisa. Wata safiya na farka zanin gadona a bushe, na ce wa Umma ina son ɗumamen tuwo. Ta fita da gudu ba ko mayafi sosai.

An cire robar, aka sallame ni da ƙwayoyin da zan ci gaba da sha. Wannan ciwo maganinsa kan ɗauki mako 3 zuwa 6, wani lokaci fiye, kuma an gargaɗe ni kada in daina don na ji sauƙi. Na shanye tas.

Abin da ban shirya masa ba shi ne gida. An yaye 'yata ba tare da ni ba. Da aka miƙo mini ita, ta kalli ramammiyar fuskata ta juya ta ƙanƙame surukata tana kuka. Na san yarinya ce, ba ta san komai ba, amma abin ya soke ni fiye da robar ƙirji. Na yi watanni ba na iya share ɗaki sai na zauna na huta. Gashina ya zube. Dare ya yi in kasa barci, da na ji ɗan ƙaiƙayi a makogwaro sai gabana ya faɗi, in tashi in riƙa lalube wuyana. Mutane na cewa in gode wa Allah na tashi, kuma ina godiya, amma ƙuncin na nan, na rasa wanda zan gaya wa. Da na faɗa wa likita a ranar komawa asibiti, ta ce wannan sananne ne ga wanda ya yi doguwar jinya mai tsanani, ta haɗa ni da masu ba da shawara. Ya taimaka mini ƙwarai. Ita kuma yarinya, surukata ce ta yi dabara, ta ce kowa ya janye hannu, ni kaɗai zan riƙa ba ta abinci da yi mata wanka. A haka ta dawo gare ni.

A layin asibitin kunne da hanci da makogwaro na gane cewa ciwona yana da 'yan'uwa. Na haɗu da wani saurayi da idonsa ɗaya ya kumbura ya turo waje, ba ya iya juya shi. Mahaifiyarsa ta ce maruru ne ya fito masa a gefen hanci, aka matse. Likita ta bayyana mana cewa jijiyoyin hanci da leɓen sama suna da hanya zuwa wata matattarar jini da ke bayan idanu a cikin ƙoƙon kai, in ƙwayar cuta ta bi ta can, jinin wurin ma yakan daskare. Shi ya sa ba a matse ƙurjin da ya fito a wannan yanki. Na ga yarinyar da ta yi shekaru kunnenta na zubar da mugunya ana toshewa da auduga, har ciwon ya ci ƙashin bayan kunne ya isa jijiyar da ke kusa da ƙwaƙwalwa, sai da aka yi mata tiyata. Ruɓaɓɓen haƙori da ciwon kogon hanci su ma kan kai ga haka. Kunnen yaro mai ruwa ya fi damuna, don a ajina kaɗai na sha ganinsa, kuma iyaye sun ɗauke shi abin da yaro zai girma ya bari. Yanzu in na gani ba na yin shiru, har gida nake bin uwar.

Ba na son wanda ya karanta wannan ya tsorata da kowane ciwon makogwaro. Mafi yawansa mura ce, yana wucewa da kansa, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai shi ma ɓarna ne. Wanda nake magana a kai yana da kamanninsa: makogwaro ya yi ciwo, ya lafa ko ya ƙi lafawa, bayan kwana 4 zuwa mako sai zazzaɓi mai girgiza jiki ya zo, gefe ɗaya na wuya ya kumbura ko ya riƙe, daga baya ƙirji ya fara suka ko numfashi ya yi wuya. In maganin maleriya bai taɓa shi ba, a nufi asibitin da ke da na'urar hoto, kuma a ba likita labarin tun daga makogwaron, ko bai tambaya ba, ko ana ganin wancan ya warke. A nuna masa wuyan, a ce ya taɓa. Ƙanena ya yi ciwon makogwaro bara, na tasa shi gaba har asibiti na zayyana wa likita komai. Ya duba shi sosai ya ce na mura ne, kuma haka ya kasance.

Hoton ƙarshe da aka yi mini ya nuna jijiyar dama ba ta buɗe ba, ta ƙanƙance ta toshe. Likita ya ce ba komai, ta hagu da sauran ƙananan jijiyoyi sun ɗauki aikin, mutum na rayuwarsa lafiya a haka. Huhuna ya warke, sai ɗan tabo a hoto da wani a gefen haƙarƙarina. Na koma koyarwa, mun biya bashin da muka ci, maigida ya sake sayen babur. Yanzu ina ɗauke da ciki na biyu, kuma tun ranar da na fara zuwa awo na kai musu takardun jinyata, suka haɗa ni da likitan jini da zai riƙa duba ni har in haihu. Ina roƙon addu'arku Allah ya sauke ni lafiya, ya kuma ba duk waɗanda ke kwance a asibiti da gida lafiya.